Fuka, Tarin Fuka da Asma: Tarihin Wani Ruɗani

Idan hunturu ya sauka a Paki, ƙurar masussuka ta haɗu da hayaƙin mazarƙwaila daga gonakin raken Makarfi da Kudan, sai ka ji ana cewa wane fukarsa ta tashi. Abin da ake nufi kuwa ya danganta da mai maganar. A bakin tsofaffi, fuka ta ƙunshi duk ciwon ƙirjin da ya daɗe yana hana numfashi. Likitancin zamani ne ya raba ta gida biyu, amma bai raba sunan ba.

Gida na farko shi ne asma, kalmar Girkanci mai nufin haki, wadda likitocin zamanin Hippocrates suka yi amfani da ita, ta iso mu ta Ingilishi. Hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke, numfashi ya riƙa fita da shewa. Ba a ɗaukarta daga kowa, ko da yake tana bin dangi. Da maganin shaƙa irin Ventolin, wanda ya shigo kasuwa a 1969, ake buɗe ƙirjin mai ita cikin mintoci.

Na biyun ƙwayar cuta ce mai cin huhu, wadda Robert Koch ya bayyana a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882. Da aka zo yi mata suna a Hausar asibiti da rediyo, sai aka ce tarin fuka. A ganina zaɓin ya yi wayo, don ya hau kan kalmar da jama'a suka sani, sai dai ya zo da tsada. Yarinya mai asma sai a ware mata kwanon sha, manema su janye, alhali ba ta ɗauke da abin da za ta sa wa kowa. Magidanci kuwa da ke tari yana ramewa, yana gumin dare, sai ya ce ai fukar gado ce, ya wuce kemis ya sayi abin shaƙa, ya koma ɗaki ɗaya da 'ya'yansa.

Abin takaici, cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, a Zariya, kusa da mu. Tarin da ya wuce mako biyu gwajin kaki yake bukata, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati, na wata shida cif.