Na'urar Hangen Taurari Mai Madubi

Na'urar hangen taurari mai madubi ita ce wadda ke tattara haske da madubi mai kwarmi kamar kasko, maimakon gilashi mai doro irin na tabarau.

Tarihi

Na'urorin farko, har da wadda Galileo ya haɗa a 1609, masu gilashi ne. Gilashi kuwa yana rarraba haske, sai a ga launuka sun yi wa tauraro zobe. James Gregory ya zana tsarin mai madubi a 1663, amma Isaac Newton na Ingila ne ya fara ƙera wadda ta yi aiki, a 1668. Ya sa babban madubi a gindin bututu, ya kafa ƙarami a karkace kusa da baki, don ya karkato da hasken zuwa gefe, inda mai kallo ke sa ido.

Madubin wancan zamani na ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da kuza, mai saurin dusashewa. Duk da haka, da irinsa William Herschel ya gano duniyar Yuranus a 1781, kuma da hannunsa ya goge shi. A 1857 Léon Foucault na Faransa ya shafa azurfa a kan gilashi, daga baya alminiyam ya maye gurbinta. A shekarun 1960 John Dobson na Amurka ya sauƙaƙe abin: bututun kwali, gindin katako, talaka ma ya iya haɗawa a gida.

Amfani da nakasu

Fuska ɗaya kawai ake gogewa, shi ya sa babban madubi ya fi babban gilashi araha nesa ba kusa ba. Mai faɗin santimita 15 ya isa a ga zoben Satun da ramukan wata, a ga Zara ta koma lauje, a ga Kaza da 'ya'yanta sun wuce ƙidaya da yatsu.

Sai dai madubai biyun kan goce, dole a riƙa daidaita su, kuma hoto a kife yake fitowa. A wurare irin su Damagaram babban abokin gaba shi ne ƙura: bakin bututun a buɗe yake, hazon hunturu kuwa na sauka kan madubi. Ba a share shi da tsumma, don yashi na karce alminiyam. Rufe shi ake yi, in ya yi datti a ɗauraye da tataccen ruwa. Ba a kuma duban rana da na'urar sai da matatar haske ta musamman a baki, in ba haka ba nan take ido zai ƙone.