Tommy John: Bahagon ɗan wasan da aikin tiyata ya ɗauki sunansa

Sunan Tommy John ya fi yawo a bakin likitoci fiye da na 'yan kallo, duk da cewa ya shafe kaka 26 yana jefa ƙwallo a babbar gasar besbol ta Amurka.

An haife shi ranar 22 ga Mayu, 1943, a garin Terre Haute na jihar Indiana. Ya fara buga wa ƙungiyar Cleveland Indians wasa a 1963, ya koma Chicago White Sox, sannan Los Angeles Dodgers a 1972. A wannan wasa, mai jifa shi ne ke wurga wa mai riƙe da gora ƙwallo, kusan sau ɗari a wasa ɗaya, kuma gwiwar hannu ce ke ɗaukar nauyin. John bahago ne da bai dogara da ƙarfin jifa ba. Gwanintarsa ita ce sa ƙwallon ya karkata ƙasa daf da isarsa ga mai duka.

A watan Yulin 1974, yana tsakiyar tashe da nasara 13 a kakar, jijiyar gwiwar hannunsa na hagu ta tsinke. A wancan zamani, irin wannan rauni yakan zama ƙarshen sana'a. Likitan ƙungiyar, Dokta Frank Jobe, ya gwada abin da ba a taɓa yi wa mai jifa ba: ranar 25 ga Satumba ya ciro wata jijiya daga damtsen hannunsa na dama, ya dasa ta a gurbin wadda ta lalace. Shi kansa likitan ya ƙiyasta damar dawowarsa fili da ɗaya cikin ɗari.

John ya yi jinyar duk shekarar 1975, ya dawo a 1976. Abin mamakin shi ne, cikin nasarori 288 da ya tara a rayuwarsa, 164 bayan tiyatar ya samo su, har da 22 a 1980 tare da New York Yankees. Ya yi ritaya a 1989 yana da shekara 46.

Yanzu ana yi wa 'yan wasa da dama wannan aiki kowace shekara, har da matasa, kuma ana kiransa tiyatar Tommy John. Sai dai masu zaɓe ba su shigar da shi zauren karrama gwarazan besbol da ke Cooperstown ba, hukuncin da ke da wuyar karewa idan aka dubi alƙalumansa.