Bagobirin da ya yi aikin jirgin teku

Kwanan nan samarinmu na yawan turo tallan aiki a jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai, a Dubai ko Faransa, suna tambaya ko wanda bai taɓa riƙe ko da filafilin kwalekwale ba zai samu shiga. Wasu na dariya, wai ina ɗan Gagarawa ina teku, mu da ko kogi ba mu da shi, jirgin da muka sani shi ne na ƙasa mai zuwa Nguru. Dariyar na da hujja, amma Bahaushe ya yi aikin jirgin teku tun shekara 200 da suka wuce, kuma yadda ya samu shiga ya isa a duba.

Sunansa Abubakar, mutumin Gobir, Turawa suna kiransa Pasko. An kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda shi a jirgin bayi. Sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta su, shi kuma ya zauna yana aiki a jirginsu. Babu wanda zai yi wa ɗansa fatan wannan hanya. Abin lura shi ne abin da ya fitar da shi daga cikin sauran ma'aikata. A 1825 Clapperton yana shirin komawa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta bakin teku wannan karon. Masu ja da igiya da hawa saman jirgi yana da su birjik. Mai jin Hausa da Turanci ne ya yi wuya, sai aka ɗauki Abubakar tafinta. Da shi aka zo Kano, aka wuce Sakkwato, inda Clapperton ya rasu a watan Afrilu 1827. Ba salihin bawan Allah ba ne a rubuce-rubucensu, don ya sha guje musu a hanya. Duk da haka da Richard Lander da ƙanensa John suka dawo a 1830, shi suka sake nema, kuma yana cikin kwalekwalen da ya biyo Kwara daga wajen Busa har ya faɗa teku.

Haka abin ya ci gaba. A 1841 Ingila ta turo jirage uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kwara. Aikin ƙarfi na jirgi mutanen Kuru na gaɓar Laberiya ke yi, don su sana'ar gado ce a wurinsu, uba ya kai ɗa, shugaban ayari ya tsaya wa wanda ya kawo. Amma sai da jiragen suka tsaya Saliyo suka ɗebi tafintoci daga cikin 'yantattun bayi, har da masu jin Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama a tafiyar. A 1854 Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, Turawa 12 kacal, saura duk baƙar fata, ana shan kwinin kullum, aka dawo ba a rasa rai ba. Ra'ayina dai shi ne littattafai sun cika yabon kwinin, sun manta da mutanen da ke sauka gaɓa su yi cinikin itacen da tukunyar jirgi za ta ci, su nemi izinin sarakuna da harshen da sarakunan ke ji.

Ƙasarmu ma labarin ya taɓa ta. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Gumel a watan Maris 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ayarinsu ya ɗauko wani ƙaramin jirgin ruwa da aka ƙera a Malta, aka rarraba shi, raƙuma suka ratso hamada da shi. Abokinsa Overweg ya harhaɗa shi ya zaga tsibiran Buduma a Tafkin Cadi a wannan shekarar. Shi ne kuma ya 'yanta yara biyu, Abbega da Dorugu ɗan ƙasar Damagaram, waɗanda Barth ya sake ratsa Gumel da su a ƙarshen 1854, ya ƙetare teku da su zuwa Landan a 1855. Su barori ne, ba ma'aikatan jirgi ba, amma harshen ne dai ya ciyar da su. Abbega ya yi tafinta a bakin Kwara har ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

To, ko a wancan zamani mai jirgi ba ya ɗaukar baƙo don tausayi. Yana ɗaukar wanda ke da abin da babu a jirgin, wanda kuma wani amintacce ya tsaya masa. Yau ba a neman tafintan Hausa a teku, amma ana neman mai girki, da mai gyaran injin dizal, da mai aikin lantarki, kuma irin waɗannan muna da su a Maigatari da Gumel. Abin da ya ƙaru shi ne takarda: shaidar horon kare kai a teku da ake kira STCW, shaidar lafiya, da littafin ma'aikacin jirgi wanda hukumar NIMASA ke bayarwa. Akwai makarantar horar da ma'aikatan jirgi ta gwamnatin tarayya a Oron, jihar Akwa Ibom.

Sai batun dillalai. Yarjejeniyar duniya kan ma'aikatan jirgi ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2013, ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a samo masa aiki. Fasfo da shaidar lafiya da littafinsa ne kawai za su iya zama a wuyansa. Tallace-tallacen da na gani an turo kuwa, da kuɗin fom suke farawa, lambar asusun banki na ƙasa, sunan jirgi babu.