Gizo Ya Riga Malamin Aji

A littattafan nazarin adabin Hausa akwai abin da ake kira mutuntarwa, wato a ɗauki dabba ko itace ko wani abu maras rai a ba shi halin ɗan Adam, ya yi magana, ya yi fushi, ya ƙulla makirci. Malaman firamare da yawa suna ɗaukar wannan darasi kamar baƙon abu mai wuya, sai su rubuta ma'anarsa a allo yara su yi ta bi da hadda har a kaɗa ƙararrawa. Tarihi bai goyi bayan wannan ɗauka ba. Sunan ne ya zo daga baya, amma abin da kansa ya daɗe a hannun yaran ƙasar Hausa, kuma waɗanda suka koyar da shi shekaru aru-aru ba su taɓa riƙe alli ba: kakanni mata ne, da amare, da yayye.

Makarantarsu ita ce hirar dare. In an ci tuwo, musamman da farin wata, yara kan taru a ɗakin wata tsohuwa ko wata amarya, ko su baje a tsakar gida. Da rana ba a yin tatsuniya, don lokacin aiki ne da aike. Sau da yawa da kacici-kacici ake share fage. Wani ya ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Yaro ɗan shekara shida ya yi ta laluben wane tsoho ne wannan, har dai a gaji a ba mai tambaya gari, shi kuma ya ce wuta ce da hayaƙi. A wannan ɗan lokaci yaron ya yi aikin da manhajar makaranta ke nema duka: ya ji an kira wuta baba, ya gane ba mutum ake nufi ba, ya kuma ga dalilin da ya sa hayaƙin da ke fita ta saman ɗaki ya dace da furfurar gemu. Daga nan sai a shiga tatsuniya sosai. Mai bayarwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa mata "Ta zo mu ji ta," sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa da kwaɗayinsa, Ƙoƙi na binsa da haƙuri, Zaki na zaman fada, Kura na faɗawa tarko saboda zari, Dila kuwa na amsa sunan malamin daji. Kowace dabba da halinta da ba ya sauyawa, har yaro ya san abin da Kura za ta yi tun kafin a faɗa.

Wannan ba zato ba ne, domin an sami rubutattun shaidu tun ƙarni na 19. A 1885 J. F. Schön ya fitar da Magana Hausa, wanda kaso mai yawa na labaransa daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Abin lura shi ne Dorugu yana ƙarami ya bar gida, amma tatsuniyoyin suna kansa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, a 1913 kuma R. S. Rattray ya fitar da waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Gizon da ke cikin tarin Edgar shi ne dai a na Rattray, alamar cewa fatake da iyalansu sun tafi da shi har zangunan Kurmi tare da kayan fataucinsu.

Da boko ya zo, bai kori waɗannan dabbobi ba, aiki ya ba su. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, nan da nan kuma aka ga ƙarancin abin da yara za su karanta da harshensu. Wannan buƙata ce ta haifar da Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. A can Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, don 'yan makaranta. Imam ya ɗebo labaransa daga wurare da dama, har da na Larabawa da na Turawa, amma wanda ya ɗora wa nauyin bayar da su aku ne, tsuntsun da bakinsa ya kai shi ga sarautar waziri. Bai tsaya yi wa masu karatu bayanin yadda tsuntsu zai riƙe sarauta ba, don ya san sun saba. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida, aka mayar da hirar dare cikin aji kai tsaye. Su kuwa kalmomin mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, a jami'a suka yi ƙarfi, a hannun manazarta waƙa irin su Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, sannan suka gangaro kwalejojin horon malamai. Jerin a fili yake: baki ya riga littafi, littafi ya riga suna. Malamin da ya fara da suna ya kama hanyar ta wutsiya.

Akwai masu cewa tatsuniya hululu ce, kuma cika kan yaro da maganar kura da zomo koya masa ƙarya ne. Wannan suka tsohuwa ce, har ta shiga harshe, shi ya sa ake kiran zance maras tushe tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Amma al'adar ta tanadi amsarta da kanta. Ba a shiga tatsuniya sai an yi shelar shiga, ba a kuma tashi sai an rufe da "Ƙurunƙus," mai bayarwa ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wanda ya sanar da kai tun farko cewa wasa zai yi, bai yaudare ka ba. Wannan iyaka tana da amfani na musamman ga yaron da yake zuwa makarantar allo, inda zai ji labarin tururuwa da alhudahuda a zamanin Annabi Sulaiman, Alaihissalam. Ya san wancan abin imani ne, na Gizo kuwa ƙirƙira ce, kuma ba ya haɗa su. Ban da haka, tatsuniyoyi da yawa na cikin tarin Edgar malamai ne suka rubuta su da ajami, mutanen da a zaurukansu ake karanta balaga ana feɗe majazi da isti'ara. Da suna ganin abin haramun ne da ba su ɓata tawadarsu a kai ba.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi. Manazarta na iya cewa dabbar da ke magana tun daga farkon labari har ƙarshensa daban take da adon harshen da mawaƙi kan yi a ɗango guda, inda zai ce talauci ya shigo gari ya shimfiɗa tabarma. Gaskiya ne akwai bambanci, kuma yaron da ya iya labarin Gizo ba lalle ne ya tsinkayi na biyun ba. Sai dai tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, domin kacici-kacici da zancen yau da kullum sun cike ta. Yaron da ake ce wa barci ɓarawo ne, wanda ke jin yunwa ta kama wane, ruwa ya ci wane, ciwo ya kayar da wane, yana iyo a cikin mutuntarwa bai sani ba. Aikin aji shi ne a tsayar da shi a tambaye shi: me barci ya taɓa sacewa, kuma da wane hannu yunwa ke kamu? Da ya yi dariya ya fara amsawa, to a nan ne sunan zai sami wurin zama. Ban ce a jefar da sunan ba, jarrabawa na nemansa, nazarin waƙa a sakandare ma ba ya yiwuwa sai da shi.

Saura masu cewa duk wannan tarihi ne kawai, hirar dare ta mutu, talabijin da waya sun gaje ta. A birane akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma zanen barkwancin da yara ke kallo shi ma cike yake da kyanwa da ɓera masu halin mutane. Abin da ya ɓace shi ne juyi. A ɗakin kaka, wanda ya saurara yau shi zai bayar gobe, ya maƙale murya ya yi tsamin bakin Gizo, in ya yi tuntuɓe sauran su gyara masa. Mai kallon waya ba ya samun wannan juyi, aji kuwa na iya bayar da shi ba tare da an sayi komai ba. Yara arba'in a ɗaki guda, ko a Fagge ko a Maraɗi, da wuya a rasa biyar da suka zo da tatsuniya ko kacici-kacici daga gida, kuma kowace ɗaya ta isa darasin yini.