Kayan ninkaya da masu sauya jinsi: Matsayar likitoci, hukumomin wasanni da dokar Najeriya

A kan tudu, riga mai faɗi tana rufa wa jiki asiri. A cikin ruwa ba haka abin yake ba, domin yadin da ya jiƙe mannewa yake yi, ya fito da siffar mai shi. Wannan ne ya sa tufafin ninkaya ya zama babban batu ga waɗanda aka haifa da halittar mace amma suke rayuwa a matsayin maza, wato masu sauya jinsi daga mace zuwa namiji. A Turai da Amurka batun ya kai ga majalisun birane da hukumomin wasanni. A Gwandu da Kalgo kuwa, inda akasarin iyo a gulbi da tafki da kududdufi ake yin sa, tambayar tana cin karo da fiƙihu da dokar ƙasa, da kuma haɗarin nutsewa.

Su wa ake nufi?

A bakin jama'a, kalmar mata-maza takan haɗa rukuni biyu da suka sha bamban. Na farko shi ne wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fayyace namiji ne ko mace ba. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan khunsa. Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Gwandu da sauran ƙasar Hausa, da hukuncin gadonsa ya rufe, tare da alamomin da ake rarrabe shi da su, kamar mafitar fitsari, fitowar gemu ko nono, da jinin al'ada. Akwai irin waɗannan da aka raina a matsayin mata, sai balaga ko binciken asibiti ya nuna maza ne.

Na biyu shi ne wanda jikinsa na mace ne ba tare da wani ruɗani ba, amma yake jin kansa namiji, har wani ya sha maganin sinadarin maza ko a yi masa tiyatar cire nono. Mafi yawan malaman Sunna sun halatta tiyatar gyara ga rukunin farko, sun haramta ta ga na biyu. Sai dai a bakin ruwa damuwarsu guda ce: ƙirji. Haka ma samarin da ƙirjinsu ya kumbura kamar na mata saboda sauyin sinadaran jiki, larurar da ta yawaita a shekarun balaga, da masu tabon ƙuna ko na tiyata.

Irin kayan da ake zaɓa

Kaya uku aka fi amfani da su. Akwai rigar ninkaya mai hannu, wadda aka fara yi domin masu hawa igiyar ruwan teku, ana ɗinka ta da nailan ko wani yadin roba mai saurin bushewa. Mai launi mai duhu ko mai zane, wadda ba ta matse sosai ba, ita ta fi ɓoye siffar ƙirji. Akwai gajeren wando mai zariya da ke kaiwa gwiwa, wanda ba ya mannewa kamar ɗan kamfai na 'yan gasa. Sai rigar matse ƙirji, wadda ake sawa a ciki domin ta shafe tudun nono.

Ta ukun nan ce likitoci suka fi yin gargaɗi a kanta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Culture, Health & Sexuality a 2017, wanda ya ji ta bakin mutum 1,800 masu ɗaure ƙirji, ya gano cewa fiye da kashi 97 cikin 100 sun gamu da aƙalla illa ɗaya, kamar ciwon baya, ciwon ƙirji, zafin jiki, ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ɗaurin ya wuce awa 8 a yini, kada a kwana da shi, kuma kada a yi shi da bandeji mai talewa ko salatif, domin suna hana haƙarƙari buɗewa.

A cikin ruwa haɗarin ƙaruwa yake yi. Mai iyo yana buƙatar cika huhunsa da iska, ruwan kuma yana danna ƙirjin ta waje, ga shi jiƙaƙƙiyar rigar matsi tana da wuyar tuɓewa idan numfashi ya fara yankewa. Don haka ake ba da shawarar a nemi wadda aka ɗinka musamman domin ruwa, ko wadda ta ɗara girman da aka saba sawa, a kuma cire ta da zarar an fito. Wanda aka yi wa tiyata ba ya shiga ruwa sai raunin ya warke kuma likita ya amince, sannan ana so ya kare tabon daga rana na kimanin shekara guda.

Dokar gasa

Tun daga Janairun 2010, hukumar ninkaya ta duniya, wadda a da ake kira FINA, yanzu kuma World Aquatics, ta ƙayyade cewa a gasar cikin kwami kayan namiji ba za su haura cibiya ba, ba kuma za su gangara ƙasa da gwiwa ba. Duk ɗalibin fiƙihu zai gane wannan iyaka, domin ita ce al'aurar namiji. Bambancin shi ne, a fiƙihu nan ne mafi ƙarancin abin da za a rufe, a gasa kuwa nan ne iyakar abin da aka yarda a rufe. Ma'ana, mai shiga rukunin maza da ƙirji a buɗe zai fito.

Schuyler Bailar, wanda Jami'ar Harvard ta fara ɗauka domin ƙungiyar mata, ya yi tiyatar ƙirji, ya kuma yi wa ƙungiyar maza iyo daga 2015 zuwa 2019. Shi ne na farko da ya fito fili ya yi hakan a babban rukunin wasannin jami'o'in Amurka. A Yunin 2022, a birnin Budafes na Hungary, hukumar ta duniya ta rufe rukunin mata ga waɗanda suka balaga a matsayin maza, amma ta bar rukunin maza a buɗe ga masu sauyawa daga mace. Mai shan sinadarin maza sai ya nemi izini na musamman, domin yana cikin magungunan ƙara kuzari da aka haramta wa 'yan wasa. Rukuni na uku da aka buɗe wa kowa a gasar Balin a Oktoban 2023 soke shi aka yi, saboda babu wanda ya yi rajista.

A wuraren ninkaya na jama'a ma ƙasashe sun rarrabu. Birnin Balin ya ba kowa damar yin iyo babu riga a 2023. A Faransa kuwa rigimar ta koma kan masu son rufe jiki: garuruwa da dama na bakin teku sun hana burkini a 2016, rigar ninkaya ta mata Musulmi wadda Aheda Zanetti ta ƙirƙira a Ostireliya, kafin babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da hanin a ɗaya daga cikinsu.

Matsayin doka a Najeriya

Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu, amma ba ta yi maganar sutura ba. A 2022 ɗan majalisar wakilai Muda Lawal Umar na jihar Bauchi ya gabatar da ƙudurin da zai hukunta sanya kayan wani jinsi da ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba.

A Arewa lamarin ya fi haka tsauri. Sashe na 405 na tsohon kundin Final Kod ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan iskan gari. Kebbi tana cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000, kuma hadisin da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza, sananne ne ga kowa. Saboda haka wanda jikinsa ya saɓa wa abin da ake tsammani, ko da larura ce ta haihuwa, yakan ji tsoron idon jama'a tun kafin ya ji tsoron kotu.

Abin da ke cikin haɗari a Kebbi

Kebbi jihar ruwa ce. Kalgo tana kan fadamar Gulbin Rima, Gwandu kuma tana kusa da wani reshe na Gulbin Zamfara. A Argungu, bikin kamun kifin da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016 yana ɗauke da wasannin kabanci, ciki har da tseren iyo da nutso. A Mayun 2021, jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya kife a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yankin Afirka ne ya fi yawan mace-macen idan aka auna da adadin jama'a.

Wanda yake ɓoye jikinsa hanya biyu yakan bi, kuma duka biyun suna kisa. Ko dai ya ƙaurace wa ruwa tun yana yaro, ya girma bai iya iyo ba, ko kuma ya shiga da doguwar riga ko zane, wanda kan yi nauyi ya naɗe ƙafa, wani ma da ƙirji a ɗaure da tsumma. Wasu kan jira dare ko su nemi lungun da babu kowa, inda babu mai kawo ɗauki. Wannan matsala ta haɗa da 'yan mata da dama, waɗanda kunya da rashin suturar da ta dace ke hana su koyo.

Riga mai hannu ta yadin roba da wando zuwa gwiwa ba su saɓa wa dokar ƙasa ba, kuma sun cika sharaɗin al'aurar namiji har da ƙari. Inda aka saba ganin kowa da su a bakin ruwa, babu wanda za a tambaya dalilin sawa. Ba su kuma ɗauke buƙatar rigar kariya ga duk mai hawa kwalekwale ba, ko ya iya iyo ko bai iya ba.