Karatun Alƙur'ani da Maganin Tsoro a Ƙasar Daura

Karatun allo a ƙasar Daura ya girmi jihadin Shehu Usmanu nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 14 Wangarawa suka shigo ƙasar Hausa da littattafai, kuma Daura, da ke kan hanyar fatake daga Kano zuwa Azbin, ta samu rabonta na malamai masu yawo da almajirai. A 1805 Malam Isiyaku ya ci garin da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Gwari Abdu, mai sarautar garin, ya fice, daga baya Turawa suka maido da sarauta gidan Haɓe ta hannun Malam Musa. Duk wannan juyi bai taɓa tsarin tsangaya ba.

A tsarin nan, da zarar kolo ya wanke Fatiha sai a rubuta masa Nasi, sannan Falaƙi, surorin neman tsari daga waswasi da duhun dare da hassada. Ke nan tun yaro bai san ma'anar kalma ɗaya ba, abin da bakinsa ya fara kamawa maganin firgita ne. Da dare almajirai kan zagaye wutar kara, kowa da allonsa a cinya, suna biyawa da ƙira'ar Warshu har muryoyi su haɗe.

Daga nan ne tofi da laya da rubutun sha suka samo tushe. Malam ya rubuta ayoyi a allo da tawada, a wanke a ƙwarya, a ba mai naƙuda ko yaron da ke zabura cikin barci. Laya kuwa baduku ke ɗinke ta da fata, bafatake ya ɗaura a damtse kafin ya shiga daji.

Wanda ya sauke izu sittin yakan koma zaure neman ilimi, inda ake fara duba zuciya. Ahalari, ɗaya daga littattafan farko, da gyaran imani da tuba da tsare harshe yake buɗewa tun kafin ya zo kan alwala. A matakin tafsiri ana jan Jalalaini, ana fassara shi da baki zuwa Hausa. Malaman Ƙadiriyya da na Tijjaniyya sun ƙara da wuridi, suna koyar da cewa wanda tsoron Allah ya cika wa zuciya ba ya da sauran gurbin tsoron halitta.

Ƙarni na 20 ya kai ma'anar Alƙur'ani har cikin gidaje, ta tafsirin azumi a rediyo da fassarar Shehu Abubakar Gumi da haruffan boko. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta soki laya ƙwarai, har ta ragu a wuyan yara a cikin gari. Karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya kuwa babu ɓangaren da ya yi jayayya da shi.