Sinadaran Ciyawar Teku da Batun Ciwon Daji

Abin da muke nufi da ciyawar teku a wannan nazari shi ne manyan tsirran ruwan gishiri, dangin gansakuka, waɗanda ba su da saiwa ta gaskiya ko fure, galibi suna rayuwa manne da duwatsun gaɓar teku. Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: mai ruwan ƙasa, da ja, da koriya. Mutanen Japan da Koriya da gaɓar ƙasar Sin sun daɗe suna cin ta. Kombu da wakame na gidan farko ne, nori kuwa, wadda ake naɗe shinkafa da ita, ta gidan ja ce. Sinadari kuma shi ne wani abu guda da za a iya tsamowa daga tsiron a gwada aikinsa shi kaɗai. Za mu raba sinadaran kashi biyu: waɗanda amfaninsu ya tabbata, da waɗanda ake kan gwadawa.

A kashin farko akwai aidin, wanda Bafaranshe Bernard Courtois ya gano a tokar ciyawar teku a shekarar 1811. Ƙullutun da ke gaban wuya, wanda likitoci ke kira tayirod, da aidin yake aiki, kuma rashinsa ne babban dalilin maƙoƙo. Baligi na bukatar kimanin maikirogiram 150 a rana, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Sai aljinet, wani abu mai yauƙi da wani masani mai suna Stanford ya tsamo a Birtaniya wajen 1881. Idan ya haɗu da ruwan ciki mai tsami sai ya daskare ya yi iyo a saman abinci, ya tare hanyar da ruwan ke bi ya hau ƙirji. Da haka maganin ƙwannafi irin su Gaviscon ke aiki.

Kashi na biyu ya fi bukatar natsuwa, domin a nan ne ake ambaton ciwon daji, wato yanayin da ƙwayoyin halittar jiki ke ta ninkuwa ba tsayawa har su zama ƙari. Sinadarin da aka fi nazari shi ne fukoidan, doguwar sarƙar sukari mai ɗauke da farar wuta, wadda Harald Kylin na ƙasar Suwidin ya ware a 1913. Ana samun sa a ciyawa mai ruwan ƙasa, musamman mozuku ta tsibirin Okinawa. A ɗakin gwaje-gwaje an ga yana tura ƙwayoyin daji su kashe kansu, tsarin da ake kira afoftosis, wanda lafiyayyar ƙwaya ke bi idan ta lalace amma ta daji ta ƙi bi. An kuma ga yana rage tsirowar sababbin jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙari, yana zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki. Fukozantin, wanda shi ke ba ciyawar launinta, ya nuna makamancin wannan.

Sai dai hujjar magani hawa-hawa ce. Akwai abin da aka gani a kwalba, akwai na jikin ɓera, sannan akwai na majinyaci, kuma yawancin labarin fukoidan bai wuce hawa biyun farko ba. Sarƙarsa babba ce, hanji ba ya tsotsar ta sai kaɗan, don haka yawan da ya kashe ƙwaya a kwalba da wuya jini ya kai shi ga ƙari. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, galibi a matsayin ƙarin taimako a kan maganin asibiti. A ganinmu bincike ne da ya cancanci a ci gaba da shi da gaske, amma har yau fukoidan bai samu amincewa a matsayin maganin ciwon daji ba, kuma abin yana damun mu ƙwarai idan muka ji majinyaci ya bar asibiti ya koma ga garin ciyawa na kanti.

Akwai kuma illa. Aidin ɗin kombu yana da yawa har yakan rikita tayirod ga mai yawan cin sa. Wata ciyawar teku da ake kira hijiki tana tara arsanik, wanda guba ne, shi ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su guje ta a 2004. Fukoidan kuma yana jinkirta daskarewar jini, saboda haka mai shan maganin warfarin ya tuntuɓi likitansa kafin ya kusance shi.